Kada Ka Ce Mini Babu Gajiya

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da innarka da ƙannenka da duk wanda ke kwana a gidan. Allah ya tsare mini ku, ya sa albarka a hatsin da kuka ɗaure bana. Yayarka da mijinta suna gaishe ka.

Na ba direban motar Tanut takardar nan, na ce ya sa ta a hannunka. Za ka ce me ya hana in kira ka a waya. Ai na kira, ka kuma ga abin da muka yi. Ina kwana, ina gida, ina aiki, da godiya, yaya jiki, da sauƙi, har kiredi ya ƙare ban faɗi ko ɗaya daga cikin abin da ke cina ba. Ni da kai ba mu iya magana ba, gaisuwa muka iya. To bari in gwada da biro.

Ka ce kai da Sanusi za ku ɗaura kaya a kekuna ku bi kasuwannin Damargu, ku sauka Olelewa, ku ratsa Gangara har Belbeji, kuna gyaran wayoyi da fitilun sola, kuna kwana inda rana ta faɗi muku. Ban hana ba. Da wane baki zan hana? Sana'ar da na ciyar da ku da ita ke nan, sai dai ni rediyo da tocila na gyara. Kuma lissafinka daidai ne. Kaka ce, mutanen karkara sun sayar da wake, kowa zai tuna da wayarsa da ta mutu tun tsakiyar damina. Amma tun da ka faɗa mini na kasa zama wuri guda, ni da aka ce kada in taka ƙasa. Ina kwance a zauren mijin yayarka nan Damagaram, ƙafar da ke ciwo a kan matashi, ɗayar kuma tana ta motsi ita kaɗai kamar tana taka feda. Yayarka ta ɓoye mini takalma. Na gyara rediyon gidan, na gyara na maƙwabta, jiya har agogon bango na kwance da lafiyarsa lau na sake ɗaurawa. Duk keken da ya wuce a layi sai na ɗaga kai, ina jin wanda sarƙarsa ke neman mai.

Ba ɓarayi ne suka fi damuna ba, ko da yake in jandarmomi sun ce kada a bi wata hanya ka ji maganarsu, kasuwar Tenhiya kuwa ka bar ta sai wata shekara. Ba rairayi ba ne kuma. Bakinku nake tsoro, kai da Sanusi. Cikinku babu wanda ya iya cewa na gaji, ko ina jin ƙishirwa, ko jikina ba daɗi. Mu muka koya muku haka, kuma a cikin gari tarbiyya ce. Tsakanin wata rijiya da wata kuwa tana iya kashe mutum. Ga shi ku taubasai ne, shi ɗan ƙanwata, kai ɗana, tun kuna rarrafe kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa. Na san ka. Gara ka faɗi a kan keken da Sanusi ya ji ka ce a tsaya a huta. Shi ma hakanan. Wannan shi ya hana ni sukuni, kuma a kansa zan yi maka magana, ta hanyar wautar da ni na yi, tunda ita na fi sani.

Bari in fara da ƙarama. Fitata ta farko, ban yi aure ba, na sayi wani tsohon keke na labta masa duk abin da na mallaka. Akwatin aiki, tabarma, bargo, har da buhun matattun rediyoyi wai zan riƙa cire kayan ciki. Wani tsoho mai faci a bakin tasha ya dube ni ya ce, "Samari, ƙaura za ka yi?" Na yi dariya na wuce. Da na fita gari na ga hanyar amalanke ta yi gwiwa tana kewaya wani fako, sai na ce ni ba saniya ba ne da zan bi kewaye, na yanke ta tsakiya. Fakon nan cike yake da tsidau. Ƙafa biyun suka sace tare. Na zauna na yi faci har facin ya ƙare, sholisho ya ƙare, tub ɗin bai daina huci ba. A ƙarshe tsumma da busasshiyar ciyawa na cusa a tayar na tura. Na isa kasuwa masu rumfa suna naɗe tabarmi, ƙarangiya ta kama wandona har gwiwa. Wani mutum mai sayar da goro ya tare ni ya ce, "Sannu da tahiya. Ina hanya?" Na ce lafiya lau. Ya dubi tayar, ya dube ni, ya ce madalla, ya hau nasa keken ya tafi. Bayan shekaru muka saba da shi, yake gaya mini ranar yana da faci da sholisho a aljihu, amma ya ga kamar ba na son a san halin da nake ciki, sai ya rufa mini asiri.

Saboda haka ka sauke rabin abin da ka ɗaura. Na san ka ɗaura da yawa ko ban gani ba. Ruwa ya fara hawa keken kafin kayan aiki, sannan famfo da faci da tub na ajiya. In ka ga hanya ta yi kewaye, akwai abin da take kewayewa, ka bi ta. In ka shiga rairayi ka rage wa taya iska kaɗan, in ta ƙi ka sauka ka tura, babu wanda ke kallonka sai awaki. Kuma in mutum ya ce ina hanya alhali tayarka a sace take, ka ce masa lafiya lau ɗin, ba na ce ka zama marar gaisuwa ba, amma ka ɗora da cewa ga abin da ya same ni.

Yayarka ta leƙo yanzu ta ce in ajiye biro in huta. Huta daga me? Na ce ta kawo mini ruwa don dai ta tafi. Ina muka tsaya? Tambayar hanya.

Wata shekara na tashi daga Olelewa zan yi yamma, na haɗu da wani makiyayi, dattijo, sanda a wuya. Muka gaisa na ce masa, "Baba, garin nan na gaba ai kusa ne ko?" Ya dubi keken, ya dubi fuskata, ya ce, "Kusa ne." Na ce wannan babbar hanyar ita ce ko? Ya ce ita ce. Ban gane ba sai daga baya cewa ni na sa masa amsar a baki. Mutumin kirki ba zai ƙaryata baƙo a ido ba, ba kuma zai karya masa zuciya da rana tsaka ba. Abin da na nuna ina so in ji, shi ya ba ni. Kusan nasa kuma na mai tafiya bayan shanu ne, wanda in ya ce kusa yana nufin yau dai za a kai. Babbar hanyar kuwa sawun dabbobi ce, faɗinta ya ruɗe ni. A ƙasarmu hanyar da ta fi faɗi rijiya take zuwa, ta gari siririya ce. Na sha ruwana hankali kwance tunda an ce kusa ne. Sawun ya kai ni wata rijiya da aka riga aka tashi daga kanta, ba guga ba igiya, zurfinta kuwa ko dutse ka jefa sai ka jira.

Kada ka tambayi mutum ko kusa ne. Ka ce masa, in na tashi yanzu a kan wannan keken, wace salla zan yi a can? In ya ce azahar ka shirya wa la'asar. Kada kuma ka nuna hanya da hannunka ka ce wannan ce ko, ka bari shi ya nuna. In da hali ka tambayi mace mai ɗauke da tallan nono, ita ƙafarta ta san nisan kasuwa.

Ranar nan dai ba ta gama da ni ba. Daga rijiyar na hango rugar Fulani, na tura keken zuwa can, harshena ya yi kauri a baki har ban san yadda sallamar ta fita ba. Mazan sun tafi kiwo. Wata mata ta fito, ta shimfiɗa mini tabarma daga nesa, ta koma ta kawo ƙwarya cike da nono ta ajiye. Ina kallon nonon nan idona kamar zai faɗa ciki. Ka san abin da na ce? Na ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Wallahi haka na ce. Bakina ne ya faɗa ba da shawarata ba, domin a gidanmu haka ake yi, ka ƙi sau ɗaya, a matsa maka, ka ƙi, a rantse, sannan ka karɓa kamar an tilasta ka. Ina jira ta matsa. Ita kuwa tata kunyar ta fi tawa. A wurinsu ba za ta tsaya tana ja-in-ja da baƙon namiji ba, ba kuma za ta tsaya kallon bakinsa ba. Ta sunkuyar da kai, ta ɗauke ƙwaryar a hankali ta shige bukka. Na zauna a kan tabarmar ni kaɗai, kunyata ta ci karo da tata, ba mai ceton wani. Sai na tashi na yi godiya ga bukka na tafi. Abin da ya cece ni wani ɗan tabki ne da ya rage a kwari, ruwan ja wur, jakuna sun dama shi. Na kwanta rubda ciki na sha tare da su, na kuma yi mako cikina yana biyan bashin.

Har yau in na tuna sai haushi ya kama ni, ba dariya ba. Laminu, in an miƙo maka ruwa ko nono ko fura a hanya, ka sa hannu biyu ka karɓa tun a karo na farko. Ba kowane gida ne ke da karo na biyu ba. In ba a miƙo ba ka roƙa, ka ce ina jin ƙishirwa, kalma uku ce. Ban taɓa jin wanda ya roƙi ruwa a Damargu aka hana shi ba. A rijiya kuma ka fara gaida masu ja, ka jira su ba ka, kada ka sa hannu a gugan mutane. In ka sha ka dubi wayar mai gidan ko fitilarsa ka gyara masa, kada ka karɓi komai.

Yanzu ga wadda na daɗe ina kewayewa. Na ajiye biro na ɗauka ya fi a ƙirga, na ma sa an juya mini katifa wai ko zaman ne bai yi ba.

Ka san Baba Ilu, uban Sanusi, da kunnensa na hagu da ba ya ji. Kun taso kuna zagayawa ta wannan gefen kuna yi masa tsiya, shi kuma yana cewa wai wani rediyona ne ya fashe masa a kunne. Ba rediyo ba ne. Kafin ya auri goggonka, Ilu taubashina ne kamar yadda Sanusi yake naka, kuma tare muke bin kasuwanni, shi da kayan koli, allura da madubi da sabulu, ni da akwatina. Ban taɓa yin abokin tafiya kamarsa ba. Tun daga fita gari har shiga wani muna zagin juna, hanya ba ta yi mana nisa.

Wata kaka irin wannan muka kwana Gangara, muka yi sammako za mu Belbeji. Da safen na ga bai shanye furarsa ba, Ilu da ke lashe ludayi. Na ga kuma ya sa rigar sanyi, alhali rana ta fara zafi. Na gani da idona, kada ka ce ban gani ba. Abin da na yi da ganin shi ne na ce, "Bawana, yau kuma amarya ka zama?" Ya ce, "Tahi can, matsiyaci." Muka hau.

Hanyar nan tudu ce bayan tudu. Ilu ya fara zama baya. Ni kuwa ina sauri, ina so mu isa da wuri in kama inuwar wata bishiyar bedi da nake zama a ƙarƙashinta kafin wani ya riga ni. Sai in haye tudu in tsaya in jira shi. In ya iso yana haki in ce, "Ina gajiya, bawa?" Ya ce, "Babu gajiya, sai ta ganin huskarka." In yi dariya in taka feda. Ka lura da abin da nake yi? Ni ina hutawa a kan kowane tudu ina jiransa, shi kuwa da ya iso sai mu tashi. Tun safe bai sauke ƙafa ƙasa ba. Kuma duk tambayar da na yi masa na yi ta ne yadda ba zai iya amsa ta da gaskiya ba. Wa zai ce wa taubashinsa na gaji? Ai har jikoki sai sun ji labari. Na san haka sarai. Amsar ta yi mini daɗi ne kawai, domin ina son inuwar bedi.

A wani tudu na jira bai iso ba. Na zauna ina shirya irin tsiyar da zan yi masa. Na shirya ta tsaf, har ina murmushi ni kaɗai. Da shirun ya yi yawa na juya. Na tarar da keken a kwance a tsakiyar hanya, madubai sun watse a rairayi, shi kuma ya ja jiki zuwa gindin wata ƴar aduwa yana karkarwa, haƙora suna haɗuwa. Na taɓa goshinsa na janye hannu. Ko gumi babu a jikinsa. Ya buɗe ido bai gane ni sosai ba, amma ka san abin da ya ce? "Ka tahi, yanzu ni ka tasowa. Ba komi." Yana bakin mutuwa yana rufa wa kansa asiri a gabana, domin ni na mayar da kaina wanda ba a gaya wa gaskiya.

Allah ya kawo wani Buzu da raƙumi yana dawowa daga rijiya. Bai tambaye mu komai ba. Ya jiƙa rawaninsa ya naɗa wa Ilu a kai, muka ɗora shi, na bar kekunan biyu a dajin na bi su da gudu a ƙasa. Bayan la'asar muka kai shi likita a Belbeji. Zazzaɓi ne ya hau masa kai. Ya daɗe a kwance, ya tashi, amma kunnen hagu bai tashi tare da shi ba. Malamin likitan ya ce da mun tsaya tun safe ya sha magani a inuwa, da abin bai kai haka ba.

Ilu bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini ciwo. Bayan an haife ku na taɓa samunsa a gona na ce, Ilu, maganar ranar nan ta hanyar Belbeji, ina so ka yafe mini. Sai ya juyo mini da kunnen hagu ya ce, "Ta nan za ka hwaɗi, bawa, nan ne ohishin koke-koke." Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, me zan yi? Maganar ke nan har yau.

To ga ɗansa zan ba ka ka fita da shi daji, kuma halinsa na ubansa ne sak. Ka ji abin da nake so. Kafin ku hau, ku yi magana ku ajiye taubasantaka a ƙofar gari. In kun shiga kasuwa ku ɗauke ta, ku zagi juna har masu rumfa su taru. Amma a hanya babu bawa babu ubangida. Wanda ya fi rauni a ranar shi ke gaba, mai ƙarfi ya bi bayansa. In kun tsaya jiran juna, hutun yana farawa ne daga lokacin da na baya ya iso. Kada ka saurari bakin Sanusi, bakinsa ƙarya zai yi maka cikin ladabi. Ka dubi ƙwaryarsa ko ya shanye. Ka lura in ya yi shiru, domin Sanusi ba ya shiru da lafiya. In gumi ya ɗauke masa da rana, ko ya ce sanyi yake ji, ku sauka nan take, ko da kuna hango rumfunan kasuwa. Ku tafi da maganin zazzaɓi da gidan sauro, tabkuna ba su ƙafe ba tukuna.

Babbar kuwa ita ce wannan, kuma na san za ta yi maka ɗaci. In ka ga ya gaji, kada ka tambaye shi. Ka riga shi faɗa. Ka sauka daga keken ka ce, wayyo Sanusi, ni kam na gaji, mu nemi inuwa. Ko da ƙarfinka kamar na doki, ka faɗa. Zai yi maka dariya, zai ce ɗan birni ya narke, zai ba da labarin a dandali, ranar aurenka ma sai ya tashi ya faɗa wa dangin amarya. Ka bar shi. Zai zauna a inuwar dai, zai kuma sha ruwa, yana dariyar. Da na san wannan dabarar ina saurayi, da Ilu yana jin kiran salla ta kunne biyu.

Kada ka ɗauka tsufa ya warkar da ni daga wannan hali. Da ya warkar da ni da ba a nan nake kwance ba. Ka tuna ƙayar da na taka wajen noman farko, da daminar nan. Ciwon sukari ya sa ban ji zafinsa sosai ba, na ɗaure da tsumma na koma gona. Innarka ta tambaya na ce da sauƙi. Kai ka tambaya na ce da sauƙi. A masallaci kowa ya ce yaya ƙafa, na ce da sauƙi, har na fara yarda. Sai da yayarka ta zo ganin gida ta shiga ɗakina, hancinta ya gaya mata abin da bakina ya ƙi faɗa, ta sa ni a mota. Likitar da ta duba ni a nan yarinya ce, ba ta wuce sa'ar yayarka ba. Ta kwance ƙafar ta ce, "Baba, yaya kake jin ta?" Na ce da sauƙi. Ta ajiye almakashi ta dube ni ta ce, "Baba, ba gaisuwa nake yi ba, tambaya nake."

To ni ma yanzu ba gaisuwa nake yi ba. Babu sauƙi, Laminu. Sun yi iya ƙoƙarinsu, naman ya ƙi. Za su yanke ta a ƙasan gwiwa cikin kwanakin nan. Na ce a bari in gaya muku da kaina, shi ya sa yayarka ba ta faɗa ba, kada ka ga laifinta. Tsoro nake ji. Ba na mutuwa ba, wannan na Allah ne. Ina tsoron zama. Mutumin da ya san kowane tudu daga Tanut zuwa Belbeji da cinyarsa, a ce masa ga tabarma ga bango. Ina kuma jin haushin kaina, domin ƙaya ce fa, ƙaramar ƙaya, da kalma biyu da na yi ta maimaitawa.

Ka karanta wa innarka wannan wurin a hankali, a ɗaki, ba a tsakar gida ba. Sannan ka kai ta tasha ka sa ta a mota ta zo. Ita nake so a kusa. Kai kuwa na san abin da ke zuwa maka a rai yanzu, ka sauke kaya ka biyo ta. Kada ka yi. Ba kai ne likita ba, kuma zauren nan ba zai ɗauki marasa sukuni biyu ba. Kaka ba ta jiran kowa, in ta wuce sai baɗi, gidan kuma yanzu kai ne ƙafarsa. Ka je ka kama sana'arka tun mutanen kasuwannin nan suna tuna sunana, ka ce musu kai ɗan Idi mai rediyo ne, za su ba ka wurin shimfiɗa. In kun gama zagayen ka zo ka same ni, ka ba ni labarin hanya tudu bayan tudu, kada ka tsallake ko ɗaya. Ina so in ji ko bedin nan ta Belbeji tana nan.

Abu guda nake roƙo a madadin wannan gaskiyar da na ba ka, wadda ta fi mini wuyar fita daga baki fiye da duk abin da na taɓa faɗa. Zan iya ba da ƙafa, na riga na sallama ta. Ba zan iya kwanciya a nan ina jin muryarka a waya kana ce mini lafiya lau, ina tunanin ko a gindin wata aduwa kake ba. In na san za ka faɗa mini in abu ya ɓaci, zan iya rufe ido in bar su su yi aikinsu.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutum da na dabba, ya haɗa ku da mutanen kirki a kowace rijiya, ya sa ku sami inuwa a lokacin da kuke bukatarta. Allah ya sa albarka a hannunka, duk abin da ka taɓa ya tashi. Ka gaida goggonka. Ka gaida Baba Ilu, ta dama. Ka ce wa Sanusi kawunsa ya sa masa albarka, ya kuma ce ya ɗaure sirdinsa da kyau.

Duk inda kuka sami rezo, waya ta kama, ka kira ni, ko an yi aikin ko ba a yi ba, wayar tana ƙarƙashin matashina. Zan ce maka ina gajiya, domin bakina ya riga ya saba. Kada ka yi saurin amsawa. Ka juya ka dubi Sanusi da kyau, ka saurari jikinka, sannan ka gaya mini. Zan jira, ko kiredin zai ƙare.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Idi